Amsar Malam kan maganar Jojiya da Tarayyar Turai

(Muryar da Malam ya turo daga Garwa ce, na rubuta ta saboda waɗanda datarsu ba ta buɗe murya.)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da yamma, ya kasuwa? Tun hantsi na ji tambayarka, ina lekol ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Turawa sun rufe wa Jojiya ƙofa kamar yadda suka yi wa Turkiyya, ko ba ƙin Musulmi ba ne kawai? To Allah ya huci zuciyarka Alhaji, a nan kam ba mu haɗu ba. Mutanen Jojiya galibinsu Kiristoci ne. Kuma ba jihar nan ta Amurka ake nufi ba, wannan ƙasa ce tsakanin Rasha da Turkiyya, babban birninta Tibilisi.

Ɗauke shi kamar neman aure. A Maris 2022, kwanaki kaɗan da Rasha ta afka wa Yukren, 'yan Jojiya suka kai takardar neman shiga Tarayyar Turai. Disamba 2023 aka ce an karɓe su a matsayin masu neman shiga. Wato an amshi kuɗin gaisuwa, amma ba a sa rana ba. Gidan kuwa da sharaɗinsu tun 1993, wanda suka tsara a Kofanhegan: zaɓe na gaskiya, kotun da ba a juya ta da waya, ɗan jarida ya yi aikinsa ya kwana a gidansa.

Sai me? Mayun 2024 jam'iyya mai mulki, wadda attajiri Bidzina Ivanishvili ya kafa, ta zartar da doka. Duk ƙungiya ko gidan jaridar da ke samun sama da kashi 20 cikin 100 na kuɗinta daga waje, dole ta yi rajista cewa muradun wata ƙasa take yi wa aiki. Ka gane ko? Ka tuna masu haƙa mana burtsatse a ƙauyuka, ko ƙaramin gidan rediyon da ke karanta sakamakon zaɓe rumfa rumfa. A ce yau an rataya musu allo a wuya, an rubuta ɗan koren baƙi. Wa zai ƙara sauraronsu? Rasha ta yi irinta tun 2012, shi ya sa 'yan zanga-zanga ke kiranta dokar Rasha. Shugabar ƙasa ta lokacin Salome Zourabichvili ta ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake ta.

Aka yi zaɓe 26 ga Oktoba, 'yan adawa suka ce an yi aringizo. Ran 28 ga Nuwamba firaminista Irakli Kobakhidze da bakinsa ya ce sun jingine maganar shiga har ƙarshen 2028. Alhali tsarin mulkinsu ya wajabta wa hukuma neman shigar! Matasa suka cika titin Rustaveli na Tibilisi cikin sanyin nan nasu, ana watsa musu ruwa da barkonon tsohuwa. To Alhaji, wa ya fasa auren nan? Waliyyi ne ya ga in aka ɗaura, kujerarsa za ta yi rawa.

Ban ce Turawa tsarkaka ba ne fa. Viktor Orban, firaministan Hangari a lokacin, ƙasarsa tana cikin Tarayyar, shi ya fara rugawa Tibilisi taya murna. Turkiyya kuma tun 1987 take bakin ƙofa, akwai masu ƙinta don addini, ban musa maka ba, sai dai kame-kamen bayan yunƙurin juyin mulkin 2016 ya ba su hujja a hannu. Gwamnatin Jojiya ma tana da abin faɗa: Rasha ta yaƙe su a 2008, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ba ya hannunsu. Mai maƙwabtaka da kura dole ya iya takunsa. Amma tsoron kura bai ce ka daki 'ya'yanka ba.

Mu nan abin yana mana banbaraƙwai ne don CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikinmu ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ba ta tambayar kowa yadda ya hau mulki. Ƙasashe shida, sefa ɗaya, shi ke nan. Kai da ke ƙetare gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Injamena da kaya, ka fi ni sanin takarda nawa kake zarowa kafin ka isa. A 2021 Tarayyar Afirka ta dakatar da Mali, ba ta dakatar da Cadi ba, alhali nan ma sojoji ne suka riƙe. To, bari in taka burki, mu ɗari da wani abu ne a gidan nan, ban san kunnen kowa ba. Alhaji in ka shigo Garwa ran Juma'a ka biyo, sauran sai a zaure.