Tseren da'ira da tseren kwana-kwana: wanne ya fi wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kallon Formula 1 ne tun lokacin da Hamilton ya fara tashe. Kwanan nan na ci karo da tseren NASCAR na Amurka, na yi kusan awa guda ina kallon motoci suna ta zagaye wuri ɗaya kamar fanka. Abokina ya ce wannan ba tsere ba ne, duk wanda ya iya murɗa sitiyari hagu zai iya. Gaskiya ne? Mene ne bambancinsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai faɗi sabon abu ba, Turawan Turai sun daɗe suna yi wa Amurkawa wannan gori. Sai dai akwai mutumin da ya gwada maganar da kansa, kuma labarinsa zai raba muku gardama.

Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ya ci tseren Formula 1 sau bakwai, ya ci Indianapolis 500, shahararren tseren mil 500 na Amurka, a shekarar 2000. Ba ƙaramin direba ba ne. Ya koma NASCAR ya yi shekara bakwai cur a babban rukuni, daga 2007 zuwa 2013, ya ci tsere biyu kacal: Sonoma a 2007 da Watkins Glen a 2010. Dukansu hanyoyi ne masu kwana hagu da dama, irin waɗanda ya saba da su. A fagen da'ira kuwa, inda aka ce murɗa sitiyari hagu kawai ake yi, ko sau ɗaya bai zo na ɗaya a wannan rukuni ba. Da abin sauƙi ne, ai da ya kwashe kofuna.

Abin da ya sa shi ne, kowanne da abokin gabarsa. Direban Formula 1 da hanya yake faɗa, da kuma agogo. Direban da'ira da motocin da ke kewaye da shi yake faɗa, da kuma iska.

Fara da motocin kansu. Motar Formula 1 tayoyinta a waje suke, ba murfi, kujera ɗaya ce a tsakiya, nauyinta da direba a ciki kilo 798 ne a ƙa'idar 2024, injinta kuma yana ba da ƙarfin doki kusan 1,000. Fuka-fukan gaba da na baya da ƙasan motar suna sa iska ta danne ta a kwalta, shi ya sa take shan kwana da gudun da hankali ba ya ɗauka. A Monza ta Italiya direba kan zo kwanar farko da gudun da ya haura kilomita 330 a awa, ya taka birki ya sauko ƙasa da 100 a tazarar da ba ta kai mita 150 ba. A wannan lokaci jikinsa yana jin nauyi kusan ninki biyar, wuyansa ne ke shan wahalar. Motar NASCAR kuwa a rufe take kamar motar gida, nauyinta ya kusa ninka na waccan, wajen tan ɗaya da rabi, da inji V8. A filin Austin na Texas, a shekarun da dukansu suka bi hanya ɗaya, motar Formula 1 tana riga ta NASCAR gama zagaye da fiye da daƙiƙa 30. Idan gudu a kwana ake magana, babu haɗi ko kaɗan.

To, ina wuyar da'irar take?

Ka taɓa bin bayan tirela a kan babur, ka ji iskar da ke dukan ƙirjinka ta ragu, babur ɗin ya yi sauƙi kamar ana jan sa? Wannan shi ne jigon tsere a manyan filaye irin Daytona da Talladega. Junior Johnson ne ya shahara da dabarar a Daytona 500 ta 1960. Chevrolet ɗinsa ba ta kai motocin Pontiac gudu ba, sai ya lura in ya maƙale a bayansu suna tsaga masa iska, ya yi ta bin su a haka har ya ci tseren. Yau kowa ya san sirrin, saboda haka za ka ga mota kusan 40 a dunƙule, layi biyu ko uku, suna gudun kilomita 300 a awa, tsakanin bamba da bamba bai wuce taƙi ba. Na baya ma har tura na gaba yake yi da gangan don layinsu ya wuce ɗayan. Wanda ya fita daga layi shi kaɗai ba tare da wani ya bi shi ba, kafin ya ankara ya koma na 25. Don haka tseren akwai ƙulla ƙawance da cin amana a ciki: wanda ya tura ka zagaye 190 shi ne zai yashe ka a zagayen ƙarshe. In kuma mutum ɗaya ya yi kuskure, mota goma sha ta tafi tare.

Daytona tsawonta kilomita 4 ne, kwanoninta a karkace suke da digiri 31, gangaren da mutum ke hawa da ƙyar a ƙafa. Na Talladega 33 ne. A can Bill Elliott ya yi zagaye da gudun kilomita 342 a awa a 1987, kuma a wannan tseren motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga shingen da ke kare 'yan kallo. Tun daga nan aka riƙa shaƙe injin a waɗannan filaye biyu don rage gudu, wanda shi ne ya ƙara dunƙule motocin wuri ɗaya.

Kuma kada ka ɗauka da'irorin duk ɗaya ne. Martinsville ba ta kai kilomita ɗaya ba, kusan shimfiɗe take, kwanoninta a matse. A tseren zagaye 500 direba zai taka birki sosai sau dubu, yana gogayya da ƙofar wani. A nan ne a 2022 Ross Chastain ya yi abin da ya ba kowa mamaki: a zagayen ƙarshe ya ƙi taka birki, ya jingina motarsa da katanga ya danne totur, katangar ta zagaya da shi, ya tashi daga na 10 zuwa na 5. Shekara na zagayowa aka hana.

Motar da'ira ma ba daidai ake saita ta ba. Bakanikai sukan bambanta iskar tayoyin dama da na hagu, su karkata su, su rarraba nauyi yadda motar za ta riƙa son hagu da kanta. Matsalar ita ce saitin da ya yi daidai da rana ba zai yi da yamma ba, don kwalta ta huce, taya ta cinye, mai ya ragu. Sai ka ji direba yana gaya wa shugaban bakanikansa ta rediyo cewa gindin motar na zamewa, ko gabanta ya ƙi juyawa, a gyara a tsayawa ta gaba. Awa uku zuwa huɗu ana wannan, cikin zafin da kan kai digiri 50. Ga shi ba ya ganin gefensa sosai, sai wani abokin aiki da ke tsaye a saman rumfar 'yan kallo ya zama idonsa, yana faɗa masa akwai mota a dama, akwai a hagu, yanzu ka kuɓuta.

Kada kuma in zalunci Formula 1. Monako kilomita 3.3 ce a cikin titunan gari, zagaye 78, shingen ƙarfe hagu da dama, kowace kwana da giyarta da wurin birkinta. Tayoyi a waje suke, in biyu suka haɗu mota na iya tashi sama, don haka gogayyar da ɗan NASCAR ya ɗauka gaisuwa ce, a nan ƙarshen tsere ce. Sauya taya mutum kusan 20 ne ke yi cikin daƙiƙa biyu, kamfanin McLaren ma ya yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023, alhali a NASCAR mutum biyar ne ke tsallake katanga su sauya tayoyi su zuba mai cikin kimanin daƙiƙa goma. Sai dai a Formula 1 kowane kamfani shi ke ƙera motarsa, shi ya sa mai mota mafi kyau kan yi ta ci har a gaji. A 2023 kamfanin Red Bull ya ci 21 cikin tsere 22, direbansa Verstappen shi kaɗai ya kwashi 19. A NASCAR, inda tun 2022 yawancin kayan motar daga hannu ɗaya kowa ke saye, direbobi 19 daban-daban ne suka ci tsere cikin 36 a shekarar ta 2022. Ni dai a ganina nan ne ainihin inda masu kallo suka rabu: wani gwanintar ƙira yake so ya gani, wani kuma so yake kada ya san mai ci sai an kaɗa tuta.

Waɗanda suka iya duka biyun ba su da yawa. Mario Andretti ne babbansu: Daytona 500 a 1967, Indianapolis 500 a 1969, kambun duniya na Formula 1 a 1978. Indianapolis ɗin nan kuwa da'ira ce, amma motoci masu tayoyi a waje ne ke yin tseren Indianapolis 500 a kanta tun 1911, ka ga ke nan katangar da ke tsakanin ɓangarorin ba ta kai yadda ake zato ba.

In za ka sake kallo, kada ka zauna tun farkon tseren kana bin na gaba da ido. Nemi zagaye 20 na ƙarshe a Talladega, ka zaɓi mota ɗaya a tsakiyar ayari, ka lura da wanda ke tura ta da lokacin da za ta fita daga layi. Ka kira abokin naka ku kalla tare.