Tambayi Magini: Barandar katako a bakin teku

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan Kano ne, kasuwanci ya zaunar da ni a Agege. Allah ya hore mini fili a wajen Badagry, tsakanina da teku bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba, gini kuma har ya kai rufi. Ina so in yi barandar katako a bayan gida, a ɗaga ta daga ƙasa, inda ni da iyali za mu riƙa shan iska da yamma. Kafintana ya ce in sayi obeche don ya fi araha, a shafe shi da baƙin mai. Maƙwabcina kuma ya ce gishirin teku ba ya barin kowane irin katako, in haƙura kawai. Maganar wa zan ɗauka? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka, ya sa a tare lafiya. Ka ajiye shawarar su biyun, barandarka za ta yiwu.

Maƙwabcinka ya ga ɓarna da idonsa, amma ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Gishiri ba ya ruɓar da katako. Ka dubi kwalekwalen masunta na Ghana: da iccen wawa ake sassaƙa su, wanda shi ne obechen da kafintanka yake magana, kuma kullum cikin teku suke wuni. Abin da gishiri yake ci shi ne ƙarfe, wato ƙusa da noti da duk wani maɗauri da ya riƙe katakon. Iska ce take ɗauko shi daga kan igiyar ruwa ta sauke maka a gida, ya lafe a jikin ƙarfe, ya jawo laima, tsatsa ta kama aiki ba dare ba rana. Galibin barandun da nake tararwa sun lalace a bakin teku, katakon saman yana nan da sauran ƙarfinsa, ƙusoshin ne suka zama gari a ciki, har mutum ya taka allo ya ɗaga.

Shi kuwa katako, maƙiyansa biyu ne: ruwan sama da ya samu wurin kwanciya, da gara. A Kano ana yafe mana sakaci da yawa, domin damina gajeriya ce, hunturu kuma yana busar da komai. Ruwan da ake yi a Legas ya kai ninki biyu na Kano, yana jan watanni daga Afrilu zuwa Oktoba, iskar ma jiƙe take ko ba a ruwa. Katakon da danshin cikinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari ya daɗe a haka, ruɓewa ta samu gida. Obeche kuwa fari ne, marar nauyi, mai laushi, na silin ne da kayan cikin ɗaki. In ka shimfiɗa shi a waje a Badagry, gara da ruwan sama za su raba shi tsakaninsu, baƙin mai kuma ba zai cece shi ba, sai dai ya ɓata wa yara kaya ya sa wurin santsi.

To wane icce za ka nema? Ni guda uku nake ambata wa mutane, kuma duka na dazuzzukan kudu ne, ana samunsu a kasuwannin katako na Legas. Na farko ekki, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira azobe. Ja ne mai duhu, nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa, da shi ake shimfiɗar layin dogo da ayyukan tashar jiragen ruwa, har Holan ake kai shi don gyaran bakin magudanan ruwansu. Ƙusa ba ta shigarsa sai an huda da inji, yana dakushe zarto, kafintoci ba sa son aikinsa, kuma yakan ɗan murɗe in bai bushe sosai ba. Don haka na fi son sa a ƙasa, a ginshiƙai da ƙwarangwal ɗin da zai ɗauki nauyi. Na biyu opepe, mai launin rawaya zuwa ruwan lemo, shi ma yana jure ruwa da gara, ya fi ekki sauƙin aiki. Na uku iroko, wanda muke kira loko. Don allunan sama, inda ƙafa za ta taka, shi ne zaɓina: ba ya yawan motsi tsakanin damina da rani, yana karɓar gogewa, yana da kyan gani. Kafinta dai ya rufe hanci in yana goge shi, ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi.

Ga inda ake cutar mai saye. Kowane icce, komai ingancinsa, zuciyarsa ce mai ƙarko. Farin gefen da ke kusa da ɓawo abincin ƙwari ne, ko da na iroko ne. Ka je kasuwar da kanka tare da kafintan, ka juya kowane allo, wanda ka ga farin layi a gefensa ka mayar. Ka sa a ɗan fere maka gefe ka ga launin ciki, don akan shafa wa icce marar daraja kala a sayar da shi da sunan wani. In an kawo gida kada a buga shi ɗanye. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo, ya sha iskar wurin na wasu makonni.

Yanzu ga wurin da nake roƙonka kada ka yi tsimi. Ka sayi sukuru da noti na ƙarfen sitenles, wato ƙarfe mai jure tsatsa, mai lamba 316, wanda a kan noti ake buga masa A4. Akwai ɗan'uwansa mai lamba 304, ko A2, da ido ba ka raba su, kuma ya fi araha. Bambancin shi ne 316 yana ɗauke da sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ne yake hana gishiri huda shi. Mayen ƙarfe ba zai raba maka su ba, domin dukansu ba sa kama shi sosai, sai dai ya tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa ado. Ka duba tambarin, ka duba kwalin. Ƙusar galbanais, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, tana yi a cikin gari, amma a tafiyar minti goma daga teku rufinta ba ya daɗewa, ita kuma baƙar ƙusa ko maganarta kada a yi, har baƙin tabo take zubarwa a jikin katakon.

Sauran aikin na kafinta ne, amma ka tsaya a kansa. Kada katako ya taɓa ƙasa: a zuba ɗan dakalin kankare, kowane ginshiƙi ya zauna a kan nasa, a bar aƙalla santimita 30 zuwa 45 a ƙarƙashi don iska ta ratsa, kuma kada a toshe gefen da bulo. Katakan da za su ɗauki allunan su kasance santimita 40 tsakani. Tsakanin allo da allo a bar milimita 5 ko 6, ruwa ya zube, yashi ya faɗi. A shafe bakin kowane yanka da maganin katako irin su Solignum, don ta nan icce ya fi shan ruwa. A sama kuma mai ake shafawa wanda yake shiga jiki, a maimaita duk shekara. Fenti ko banish mai sheƙi rana za ta fasa shi, ruwa ya shige ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Lokaci-lokaci a watsa wa barandar ruwan daɗi a share, gishiri da gansakuka su tafi.

Tambaya: Injiniya, ɗana yana gini a Prampram, gabas da Tema. Ya ce zai sa allunan roba da ake kawowa daga waje, wai ba sa ruɓewa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Nima, Accra.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Da gaskiyarsa. Garin katako ne ake cuɗawa da roba a matse, gara ba ta damu da su ba, ba sa tsaga su soki ƙafa, ba a shafa musu mai. Amma ki gaya masa abu uku. Suna ɗaukar zafi ƙwarai, musamman masu duhu, da tsakar rana jikokinki ba za su taka ba takalmi ba, don haka ya zaɓi masu haske ko ya yi rumfa. Suna miƙewa da zafi su koma da sanyi, dole a bar musu rata a baki da baki kamar yadda kamfanin ya rubuta. Sannan ba su da ƙarfin ɗaukar nauyi su kaɗai, ƙwarangwal ɗin ƙasa ne komai, kuma a nan ake yawan sa baƙin ƙarfe a yi masa fenti a rufe. Ya yi shi da alminiyam ko da icce mai ƙarko. A kasuwar katako ta wajenku ekki shi ne kaku, opepe shi ne kusia, iroko kuma odum. Ya nemi allunan da aka lulluɓe da ƙarin fatar roba, sun fi jure rana da tabo.

In kuma kuɗin ya yi masa yawa, kankare da tayil marar santsi ba abin raini ba ne a bakin teku. Sharaɗin shi ne kada a kwaɓa da yashin teku ko ruwan rijiya mai gishiri, kankare ya rufe rodi da kaurin santimita 5, a kuma karkata daɓen kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ruwa ya gangara waje ya bar bangon gida.