Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙwaron Wake, Kuɗin Cizo da Sauran Baƙin da Ba a Gayyata Ba

Tun da zafi ya kankama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan ƙwari. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ƙwaro ba ya ɓata lokaci wajen ƙyanƙyasa. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Da kaka na sayi wake buhu uku na jingine a ɗakin da yarana ke kwana. Bayan wata uku na kwance ɗaya, sai ga gari da ƙwari suna tashi. Wani mai sayar da maganin gona ya ce in jefa ƙwayar nan da ake kira bom, biyu a kowane buhu. In yi? (Magidanci, Mokolo)

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Wannan ƙwaya, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Phostoxin, da zarar ta sha danshin iska sai ta fara fitar da iskar guba mai suna fosfin. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1. Buhun saƙa ba ya riƙe ta. Za ta bi ta idon buhun ta cika ɗakin, ta bi ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango ta shiga na kusa, kuma har yau ba ta da makari. An yi ta ne don sito mai rufuwa ruf, nesa da wurin kwana, a hannun wanda aka koya wa aikin. Tunda iskar zurarewa take yi, ƙwarin ma ba duka za su mutu ba.

Ƙwaron ba a ɗakinka ya samu waken ba, tun daga gona suka taho tare. Ɗebi hannu guda ka duba a haske: fararen ɗigo-ɗigon da ke manne a bayan waken, ƙwai ne. Tsutsa tana ƙyanƙyashewa ta huda ciki, ta ci, ta girma, ta fito ta zagayayyen ramin nan da kake gani. Da zafi, daga ƙwai zuwa uwa mako uku zuwa huɗu ne. A wata ukun nan ka ciyar da uwa da 'ya da jika.

Abin takaici, maganin a ƙasar nan tamu Kamaru aka gano shi, amma har yanzu ana tura mutane sayen guba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu binciken noma a Marwa, tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, suka yi ta gwada hanyoyin adana wake ba magani, kuma daga wannan aiki ne buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, ya samo asali.

Fara da kashe na ciki. Tankaɗe waken ka fitar da gari. Wajen ƙarfe 11 na safe, shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta shanye zafin, ɗora baƙar leda, baza waken kada kaurinsa ya wuce yatsu biyu, rufe da farar leda mai gani-har-hanji, naɗe bakunan ledojin tare, danne da duwatsu. Awa biyu. Zafin digiri 57 na awa ɗaya ya isa ya kashe ƙwai da tsutsa da uwa, ranar bazara kuwa tana kai cikin ledar fiye da haka. Shanya a fili kawai ba ta yi: manyan tashi suke, na ciki suna nan daram.

In ya huce, sai buhun PICS ɗin. Kafin ka zuba, ɗebi iska a kowace leda ka matse ka ji ko tana zuƙewa. Mai huda ba ta da amfani ko da hudar ta kan allura ce. Tsince tsakuwa da tsinke, su ne ke huda ta. Zuba, girgiza, matse iskar da ke sama, murɗe bakin ledar ciki, lanƙwasa shi, ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje, kowane da ɗaurinsa. Ƙwarin da suka rage su za su shanye iskar da ke ciki su mutu. Ɗora buhun kan katako, kada ya taɓa bango, kada a buɗe kafin wata biyu. Inda mutane ke faɗuwa shi ne buɗewa duk Juma'a a ɗebi na alala ko ƙosai. Ware na cin wata a jarka mai murfin roba, a cika ta har wuya. Ɗan waken iri kuwa, toka ta ishe shi: kwano ɗaya na wake, kwano ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, a cakuɗa a tulu, a rufe sama da toka kaurin santimita 3. Buhun nan yana yi wa masara da gero da masakwa ma, in sun bushe sosai.

Tambaya: Kuɗin cizo ya hana mu barci tun da muka sayi gadon katako na hannu. Sau uku ina yayyafa fiya-fiya, su yi kwana goma su dawo. Maƙwabciyata ta ce a samo maganin feshin auduga, ya fi ƙarfi. (Uwargida, Garwa)

Amsa: Hajiya, ba dawowa suke yi ba, dama ba su tafi ba. Uwar tana liƙa ƙwanta a tsagar katako da ramin ƙusa, inda feshi ba ya kaiwa, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Kwana goman da kike samu ke nan. Ga shi yawancinsu sun daina jin maganin gwangwani na kasuwa.

Shawarar maƙwabciyarki ki bar mata abarta. Maganin auduga na gona ne, inda iska ke kaɗawa, mai feshin ma an ce ya rufe jiki. A kan katifa, fatar yaro za ta yi awa takwas tana shan sa. Fiya-fiyan ma ba na shimfiɗa ba ne. In bayan feshi wani ya fara dalalar da yawu, zufa, amai, numfashi na sarƙewa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, a fitar da shi iska, a cire kayan jikinsa, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Ba a ba shi madara ko manja, ba a sa shi amai.

Zafi ne makashin kuɗin cizo, har ƙwansa. A kwance gadon gaba ɗaya a tsakar gida. Za ki ga baƙaƙen ɗigo kamar na biro a mahaɗar katako, kashinsu ne, nan ne gidansu. A kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da kowane rami, a goge da tsohon buroshi, a sake kwararawa. Zannuwan gado da rigar matashi da labule a jiƙa su a ruwan da hannu ba zai iya shiga ba, misalin digiri 60, na rabin awa. Abin da ba ya wankuwa a sa a baƙar leda, kada a cusa da yawa, a ɗaure, ya yini a rana. Katifa ce mai wuya, domin in kin shanya ta sai su koma ɓangaren da ke ƙasa mai sanyi. A bi ɗinkin gefenta da dutsen guga, sannan a sa ta cikin leda mai kauri a liƙe. Suna iya watanni ba su sha jini ba, don haka ledar ta shekara a jiki. Duba kusurwoyin gidan sauro ma, da bayan kalanda da hotunan bango.

A toshe tsagar bango, a janye gadon tafin hannu daga jikinsa, kada zanin gado ya taɓa ƙasa. A yi wa duk ɗakunan gidan rana ɗaya, a maimaita ruwan zafin bayan kwana 10, a sake bayan wasu 10. Kuma a daina jin kunya: kuɗin cizo ba ruwansa da tsafta, a jaka da kayan gwanjo yake tafiya.

Tambaya: Gara ta hau bangon ɗakina ta kama katakon rufi, ta kuma lulluɓe gindin mangwaron da na dasa bara. Na karkare hanyarta, washegari ta sake ginawa. (Malamin makaranta, Ngaundere)

Amsa: Malam, waɗanda kake karkarewa 'yan aike ne. Gidan yana ƙarƙashin ƙasa, sarauniya kuma tana zuba dubban ƙwai a rana. Wannan hanyar laka suna gina ta ne don busasshiyar iska tana kashe su, wannan kuwa shi ne lagonsu: danshi suke bi. Zagaya bayan ɗakin ka duba indararon da ke zuba a gindin bango, famfo mai ɗiga, da ruwan wanka da ke kwanciya. Kwashe itacen girki da kara da kwali da ke jingine, ka bar gindin bango a fili yadda za ka ga sabuwar hanya tun tana ƙarama. Katakon rufi ka bi shi da ƙusa kana sokawa. Wanda ƙusa ta nutse a ciki ya gama aiki, a sauya shi kafin damina ta sauka.

In ta ci gaba, a haƙa rami mai zurfin santimita 30 kewaye da ginin, a jiƙa ƙasar da maganin gara mai fifronil daidai awon da ke jikin kwalba, a mayar da ita. Ba ya kashewa nan take, kuma haka ake so, don su kwashe shi su kai gida. Kada a yi kusa da rijiya. Suri in yana kusa, rushe shi ba tare da tono sarauniyar ba aikin banza ne.

Mangwaro kuwa, yawanci gara itacen da ƙishi ya galabaita take kamawa. Shayar da shi sosai sau biyu a mako maimakon yayyafi kullum, janye ciyawar da ka rufe gindinsa tafin hannu daga jikin itacen, zuba toka. Daka 'ya'yan darbejiya rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, tace, zuba a gindi duk mako. Wannan kora yake yi, ba ya kashe gida. Baƙin mai kada ya taɓa ɓawon itace.

Tambaya: Ɓeraye sun addabi shagona na hatsi. Na sa shinkafar ɓera, daren farko biyar suka mutu, daga nan ba wanda ya ƙara ci. Kajina biyu kuma sun mutu. (Ɗan kasuwa, Kusiri)

Amsa: Alhaji, ɓera ɗanɗanawa yake kafin ya ci. Guba mai saurin aiki, wanda ya ɗanɗana ya ji ciwo bai mutu ba, ba ya komawa. Maganin da ke hana jini daskarewa, irin bromadiyolon, sai bayan kwana 3 zuwa 7 yake kashewa, shi ya sa ba sa gane shi. A sa shi cikin guntun bututun roba a jikin bango, inda kaza da yaro ba sa kaiwa, a riƙa ƙarawa har a ga an daina ci. Mushen a ɗauke da leda a hannu a binne da zurfi. In yaro ya ci, asibiti ko da lafiyarsa lau, domin zubar jinin daga baya take zuwa, makarinsa kuwa bitamin K1 ne.

Tarko kuma a ɗora shi a gicciye da bango, bakinsa na fuskantar bangon, a bar shi dare biyu da ƙuli-ƙuli ba a ɗana ba, dare na uku a ɗana. Tarko goma a dare ɗaya sun fi ɗaya a dare goma. Sai dai ko ka kashe ɗari wasu za su shigo in ƙofa a buɗe take. Ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da fensir zai shiga. Toshe ramuka da siminti haɗe da fasasshiyar kwalba, buga langa-langa a ƙasan ƙofa, ɗaga buhuna kan katako ka bar rabin mita tsakaninsu da bango.

Tambaya: Rani ne amma sauro bai ragu a gidanmu ba, ga kyankyasai da dare har cikin kwanuka. (Matar aure, Njamena)

Amsa: 'Yar'uwa, leƙa masai da tocila. Sauron rani mai kuka a kunne a ruwan masai da kwata yake haihuwa, manyan jajayen kyankyasai ma can suke yini. Hanya biyu ce, a zaɓi ɗaya: ko murfi mai zama daram a bakin ramin, ko bututun iska mai faɗin santimita 11 wanda ya ɗara rufin da rabin mita, da raga a kansa. Mai bututu ba a toshe masa baki, ta nan iska ke shiga. Kwata a yashe ta ruwa ya gudu.

Akwai kuma sauro mai zanen fari da baƙi mai cizon rana, wanda ke haihuwa a randa da durom da tsohuwar taya. Shi ke yaɗa zazzaɓin cikungunya da na denge, waɗanda suka ɓarke a Abeshe ta ƙasar Chadi a 2020 da 2023. Daga ƙwai zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka duk mako a juye randa a goge cikinta da soso, domin ƙwan a jikinta yake manne kuma bushewa ba ta kashe shi. Gidan sauro mai magani a wanke shi da sabulun wanka, a shanya a inuwa.

Kyankyasai: cokali ɗaya na hodar borik, ɗaya na sukari, biyu na fulawa, a kwaɓa da ɗan ruwa, a cura ƙanana a murfin kwalba, a tura bayan kabad inda yaro ba ya kaiwa. Sai bayan mako ɗaya zuwa biyu za ki ga sauƙi. Kada a yi feshi kusa da shi, ƙin ci za su yi. Allin kyankyaso kuwa, yara na ɗaukarsa allin makaranta, ba ma son sa a gida.

Tambaya: Kunama uku muka kashe a wata guda. (Dattijo, Marwa)

Amsa: Baba, lokacinta ne, kuma kyankyasai da gyare take bi. A kwashe tarin bulo da duwatsu daga jikin ɗaki, a toshe ƙasan ƙofa, a kakkaɓe takalmi da tabarma kafin amfani, masu kwanan waje su cusa gefen gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa. In ta harbi babba, a wanke wurin, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol. Ƙaramin yaro kuwa asibiti kai tsaye, musamman in ya fara zufa ko amai. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure hannu da igiya.