Amsa ga Malamar da aka bai wa darasin Afirka babu taswira

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don abin da kike ciki na sha shi. An ba ki 'yan SS2 ki koyar da filayen ciyawa da tsibiran Afirka, makarantar babu taswira, ga sufabaiza na tafe. Allah Ya haɗa ki da mai adalci, ba irin nawa ba.

Inda na yi TP, wato gwajin koyarwa na ɗaliban malanta, a nan Zariya taswira ɗaya ce tak, tana kulle a ofis, mai makullin kuma ranar ya tafi ɗaurin aure. Na zana Afirka da alli, na ajiye Madagaska a kudu maso gabas. Sufabaizan nawa yana zaune a bencin baya sai ya ɗaga murya a gaban yara, wai wa ya gaya min Madagaska a Afirka take, tunda tana Tekun Indiya ai ta Asiya ce. Na ce ranka ya daɗe, tsakaninta da Mozambik kusan kilomita 400 ne kawai, kuma tana cikin Tarayyar Afirka. Ya ce au, gardama zan yi masa? Ya sa na goge tsibirin da hannuna. Da hannuna fa! Yara na ta ƙunshe dariya, har na bar makarantar Malam Madagaska suke kirana. Abin da ya fi ƙona min rai, a takardata ya rubuta wai ban san darasina ba, ya zaftare min maki, kuma babu wanda zan kai wa ƙara. Har yau in na hango shi a kasuwar Sabon Gari sauya layi nake. Ina kyautata zaton ya taɓa jin cewa harshen mutanen can dangin na Borneo ne a Indunusiya, wanda gaskiya ne, amma hakan bai ɗauke tsibirin daga inda Allah Ya dasa shi ba.

To, filayen ciyawa. Kada ki fara da Serengeti ta Tanzaniya, yaran nan a cikin sabana, wato filin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, suke kwana suna tashi. Ki tambaye su da me ake saƙa zana, za su ce gamba. Su lissafo miki itatuwan gonakinsu: ɗorawa, kaɗanya, kanya. Kin gama bayanin sabanar Gini ke nan, inda Zariya take, ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. Ki sa wanda ya taɓa zuwa Kano ko Katsina ya faɗi yadda ciyawa ke gajarcewa, kuka da gawo su yawaita, sabanar Sudan ke nan. Can gaba wajen Maraɗi da Damagaram sai ƙarangiya da ƙaya, Sahel ta fara. Dalilin ɗaya ne: iskar damina daga Tekun Atlantika take tasowa, tana yin arewa danshinta na raguwa, rani na ƙara tsawo. Sun kama wannan, sai ki kai su Serengeti a Tanzaniya da tudun ciyawar Afirka ta Kudu, wanda tsayin ƙasa ya sa yake da sanyi, itatuwa kaɗan.

Ki faɗa musu ma wutar daji na hana ƙananan itatuwa girma. Ko da yake yanzu masu gawayi sun fi wutar ɓarna, dubi buhunan da ake jerawa a bakin hanyar Kaduna, abin har tsoro yake ba ni.

Tsibirai kuwa kada ki ba su hadda, ki raba su gida biyu. Na yamma: Kef Bade, sai Biyoko da Firinsife da Sawo Tome, waɗanda aman wuta ya haifa a layi ɗaya da Dutsen Kamaru. Na gabas: Zanzibar, Komoros, Morishus, Seshels, da Madagaska, na huɗu a girma cikin tsibiran duniya, murabba'in kilomita kusan 587,000. Ki ce musu ta fi rabin Najeriya, nan take za ki ga sun natsu.

Na manta, in an zo kan duwatsu ki nuna musu Kufena ta taga kafin ki ambaci Kilimanjaro mai mita 5,895.

Maganar taswira kuma, kada ki jira ofis. Ki sayi farin kwali da maka kala uku, ki zana a gida da daddare, ki naɗe abinki a jaka. Ina da wata da na zana, ta ɗan kwana biyu amma tana karantuwa. In kina wajen Samaru ko Tudun Wada ki yi min magana ta akwatin saƙo, sai in ba yaro ya kawo miki.