Karatun girki a ƙasar waje: yana ƙara son abinci ko yana kashe shi?

Tambaya: Tun ina ƙarama nake son girki, yanzu kuma na samu gurbi a wata makarantar koyon girki a Turai. Wasu sun ce zan dawo ina ƙaunar abinci fiye da da, wasu kuma sun ce wahalar za ta sa in tsani kicin. Wanne ne gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, duka biyun suna faruwa, har ga mutum ɗaya ma.

Kada ki sa ran girki mai ƙayatarwa a makonnin farko. A makarantu irin Le Cordon Bleu da aka kafa a Paris a 1895, da wuƙa ake farawa. Za a ba ki karas a ce ki yanka shi ƙanana, kowane yanki milimita 2 zuwa 3. Dalili kuwa, idan wani ya fi wani girma, ƙaramin zai lugwigwice alhali babban bai nuna ba.

Sai romon ƙashi, kuma a nan ake gane mai haƙuri. A ruwan sanyi ake ɗora ƙashin, a rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali na awa 6 zuwa 8, ana kwashe kumfa. Da kin bari ya tafasa da ƙarfi, kitse zai gauraye da ruwan, romon ya dagule, da wuya ya sake washewa. Gishiri ma ba a sa shi tun farko, domin ruwan zai ƙone ya ragu, gishirin ya yi yawa. Farar miyar nan ta beshamel kuma, kusan giram 60 na bota da giram 60 na fulawa ne ga lita ɗaya ta madara. Ki soya fulawar a bota na minti 2 don warin ɗanye ya fita, sannan ki riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa. Idan kika juye ta lokaci guda, gudaji ne sakamakon.

Daga irin wannan maimaicin ne son yake tsirowa. Malamin zai sa ki ɗanɗana a kowane mataki, ya tambaye ki abin da ya rage. Sau da yawa ɗaliba ta ce miya ta yi lami ta nufi gishiri, alhali ɗigon lemun tsami take nema. Bayan 'yan watanni harshenki zai fara ba ki dalili: wannan albasa wuta ta yi mata yawa, wancan nama an cunkushe shi a kasko shi ya sa ya fitar da ruwa bai soyu ba. Cin abinci ya daina zama cika ciki kawai, ko a gidan wa kika ci.

Abin da ya shafi rayuwa kuwa, a wajen aji ake samunsa, kuma a ganina shi ne ainihin abin da ya sa tafiyar ta fi karatu ta intanet. A kasuwannin Faransa da Italiya kaya na bin lokacinsu, mai sayarwa ma zai iya gaya miki wannan cuku bai kai ba, ki jira mako guda. Zaman cin abincin Faransawa, da jerinsa da doguwar hirarsa, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin al'adun da ta ba kariya a 2010. A Italiya kuma wani ɗan ƙasar, Carlo Petrini, ya assasa ƙungiyar Slow Food a 1986, don adawa da abincin gaggawa. Ɗalibar da ba ta wuce tsakanin aji da ɗakin kwananta ba, ta yi asarar rabin kuɗinta.

Inda son ke mutuwa shi ne lokacin sanin makamar aiki a gidan abinci. Tsarin kicin da shahararren mai girkin Faransa Auguste Escoffier ya shimfiɗa kamar na soja yake: shugaban kicin a sama, kowa da sashensa, ɗan koyo a ƙasa. Za ki iya yin wuni a tsaye kina fere dankali, ga ƙuna ga yankan wuƙa, ki ci naki abincin a tsaye cikin minti goma. Wasu sukan wayi gari sun daina girka wa kansu komai, kuma wannan ce alamar farko da ya kamata ki lura da ita.

Maganinta, ki ware rana ɗaya a mako ki dafa abin da ranki ke so, ba awo ba maki, ki gayyaci abokan karatu. Ki riƙe ɗan littafi kina rubuta abin da ya ɓaci da dalilinsa. Ki koyi yaren ƙasar ko yaya, domin a kicin ba a tsayawa fassara. Idan kuma ba kya ta'ammali da giya ko naman alade, ki sani suna cikin girkin Faransa da Italiya sosai, don haka ki tambayi makarantar a rubuce yadda suke yi da masu irin uzurinki kafin ki biya ko sisi.