Kamfanin Alewa Ya Karye: Ina Makomar Haƙƙinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ina aiki a sashen dafa sukari na wani kamfanin alewa da minti a Kano. Bashi ya yi masa katutu, aka garƙame ƙofa, muna bin albashin wata huɗu. Manaja ya ce banki ya kwashe komai. Shi ke nan mun tashi a tutar babu?
Mai karatu daga Sharaɗa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri. Maganar manajan da gyara.

Fara gano hannun wa kamfanin yake: wakilin da banki ya turo don karɓo bashinsa ne, ko wanda Babbar Kotun Tarayya ta naɗa ya sayar da kadara ya sallami masu bin bashi? A Dokar Kamfanoni ta 2020, albashin ma'aikata da kuɗin hutu da na fansho suna sahun gaba. Sai dai abin da aka jinginar wa banki takamaimai, kamar filin masana'anta ko injin naɗe alewa, banki ne ke fara diba. Ku za a fara biya kafin masu kawo sukari da ledar naɗi da kwali.

Haɗa takardar ɗaukar aiki, katin shaida, takardun albashi da bayanin asusunka na banki. Lissafa abin da kake bi wata-wata, ka ƙara albashin wata guda na sanarwar sallama, domin Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya kai shekara biyar wannan haƙƙi. Yi takardar rantsuwa a kotu, ka miƙa wa wanda kamfanin yake hannunsa kafin wa'adi ya cika, a buga maka hatimi a kwafinka. Nan ne mutane ke faɗuwa: 'yan aikin yini da ake biya a hannu ba su da ko takarda ɗaya. Su nemi kwafin rajistar shiga aiki tun ba a kwashe ofis ba. Ku tafi tare ta NUFBTE, ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin abinci da abin sha da taba, kuɗin lauya zai yi sauƙi. Kuma idan kotu ta riga ta ba da umarnin rufewa, ba a kai kamfanin ƙara sai da izininta.

Fansho kuwa yana hannun kamfanin fanshonka, banki ba ya taɓa shi. In ba ka kai shekara 50 ba, bayan wata huɗu babu aiki kana iya cire kashi 25 cikin 100. Duba bayanin asusun da kyau, don kamfanin da ya fara tangal-tangal yakan yanki kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci bai tura ba. In ka ga giɓi, sa shi cikin lissafinka, ka kuma kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.