Tambayi Likita: Ɓawon Kaguwa, Borin Jini da Maganin Gwiwa

Tambaya: Likita, a Legas nake aure. Duk lokacin da na ci kaguwa sai jikina ya yi borin jini, amma maƙwabciyata ta ce laifin ɓawon ne, in fasa in ci naman kawai. Haka ne?

Amsa: Malama, kada ki bi wannan shawara. Ɓawon kaguwa haɗin abu uku ne: zaren kaitin, wanda sarƙar sukari ce mai tauri, da furotin da ke naɗe da zaren, sai kalsiyam irin na alli wanda ke cike tsakaninsu. Daga cikin furotin ɗin akwai masu ɗauke da reshen sukari a jikinsu, waɗanda ake kira gilaikofurotin, kuma suna cikin masu tsara lokacin da ɓawo zai ƙame. Binciken da aka yi a kan shuɗiyar kaguwa ta gaɓar Amurka ya nuna cewa idan ta yi saɓa, sabon ɓawonta yakan fito da laushi har yatsa ya lotsa shi, sannan cikin 'yan sa'o'i waɗannan furotin su sauya, kalsiyam ya fara zama.

Amma babban abin da ke tayar miki da bori, wato furotin mai suna turofomayosin, a cikin tsokar yake, kuma dafuwa ba ta lalata shi. Akwai irinsa a jatan lande, har da busasshen da ake dakawa a zuba a miya. Ki daina cin su sai an gwada ki, kuma idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, a garzaya da ke asibiti nan take.

Tambaya: An ba mahaifina ƙwayoyin gulukosamin saboda ciwon gwiwa, an ce daga ɓawon kaguwa ake yin su. Suna gyara guringuntsi?

Amsa: Gaskiya ne cewa yawancinsu daga kaitin ɗin ɓawon kaguwa da jatan lande ake sarrafa su, bayan an narkar da kalsiyam an wanke furotin. Sai dai wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006, wanda ya ƙunshi mutum 1,583, bai nuna cewa sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage zafi ba. A ganina, rage ƙiba da motsa gwiwa sun fi wa Baba amfani. Idan yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, lallai ne likitansa ya sani.

Tambaya: Ina aiki a kudu maso gabashin Najeriya. Na daɗe ina tari da jini, gwaji kuma bai nuna tarin fuka ba. Nakan ci gasasshiyar kaguwar rafi.

Amsa: Malam, ka faɗa wa likitanka batun kaguwar. Akwai tsutsar huhu mai suna Faragonimus da ke shiga mutum ta hanyar kaguwar ruwan daɗi wadda ba ta dahu ba, kuma ta yawaita a wannan yanki bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ɓawo yakan yi ja tun cikin bai nuna ba, domin zafi ne ke raba launin da furotin ɗin da ke riƙe da shi. A duba kakinka a nemi ƙwayayen tsutsar. Idan an same su, ana maganinta da furazikwantel.